YADDA A KE ZAƁA WA KYANWA SUNA

Kyanwa tana cikin dabbobin da su ke zaune tare da mu a gida. Ba ta ba mu nono kamar saniya, ba ta ɗaukar kaya kamar jaki, ba ta kuma yi mana ƙwai kamar kaza. Duk da haka manomin da ya san ciwon kansa ba ya rena ta, don ita ce mai gadin rumbu. A cikin wannan darasi za mu koyi yadda a ke zaɓa mata suna, da yadda a ke koya mata shi, da kuma nauyin da ke hawa kan wanda ya sa mata sunan.

Wataƙila wani yaro zai ce, "Ina ruwan kyanwa da suna? Ai in an ce mus-mus ta zo, shi ke nan." To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke hukunci.

1. Aikin kyanwa a ƙasar Bunkure

Ku yaran Bunkure, da Kura, da Garun Malam, kun tashi kun tarar ana noma rani da damina. A da ba haka abin ya ke ba. Kakanninku in damina ta wuce sai su rataye fartanya, in ban da 'yan kaɗan masu lambu a fadama, waɗanda su ke ɗebo ruwa da jigo. A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. Aka haƙa manyan magudanai, aka jawo ruwa har gonakin Kadawa da kewaye. Tun daga nan ƙasa ta zama kore ko da tsakar rani. Ga shinkafa, ga alkama, ga masara, ga albasa, ga kuma tumatir da a ke lodinsa a Kwanar Gafan ana kai shi garuruwa masu nisa.

Amma fa duk inda hatsi ya yi yawa, akwai wani baƙo da ba a gayyata, shi ne ɓera. Yana shiga rumbu, yana huda buhun shanshera a sito, yana ɓarnar abin da masu turara shinkafa suka shanya. Ga shi da saurin yaɗuwa. Macen ɓera ta kan haihu kamar mako 3 bayan ta ɗauki ciki, ta zuba 'ya'ya 6, ko 10, ko ma fiye. Kafin a ankara gida ya cika.

Ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga ci kaɗai ba. Akwai wani irin ɓera da ke ɗauke da ƙwayar wata muguwar cuta, wadda a ke kira zazzaɓin Lassa, don a garin Lassa na Jihar Borno aka fara gano ta a shekarar 1969. In fitsarinsa ko kashinsa ya taɓa abinci, mutum ya ci, yana iya kamuwa. Cikin dabarun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a bi don tsare kai daga wannan cuta akwai rufe hatsi da kyau, da zubar da shara nesa da gida, da tsabtace ɗakuna, da kuma ajiye kyanwa.

Kun ga ke nan kyanwa ma'aikaciya ce. Ma'aikacin kirki kuwa ya kamata a san shi da sunansa.

2. Sunan iri da sunan kai

Hausawa suna da kalmomi da dama na wannan dabba. Ana cewa kyanwa, ana cewa mage, waɗansu su ce kuliya, waɗansu kuma, musamman can yamma wajen Sakkwato, su ce mussa. Namijin kuwa shi ne muzuru. Amma waɗannan duka sunayen iri ne, kamar yadda a ke cewa yaro ko yarinya. In malami ya shigo aji ya ce, "Yaro, tashi!" wa zai tashi? Ko dai duk maza su miƙe, ko kowa ya zauna yana kallon ɗan'uwansa. Haka nan in kun tsaya tsakar gida kun ce mus-mus, kyanwarku ta zo, ta maƙwabta ma ta zo.

Galibi a ƙasar Hausa da sunan mai ita a ke sanin kyanwa. Kun sha jin ana cewa, "Kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi." Kowa ya san Lami, amma ita kyanwar ba wanda ya faɗa mana sunanta. Dawakai sun fi ta samun gata. Baƙin doki akawal ne, fari kili, ga bidi, ga hurde, kowanne da sunan da launinsa ya ba shi.

Sa wa dabba suna ba baƙon abu ba ne, ba kuma al'adar Turawa kaɗai ba ce. Malamai sun ruwaito cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da taguwa mai suna Ƙaswa'u, da alfadari mai suna Duldul. Akwai kuma wani babban sahabi wanda kyanwa ce ta jawo masa laƙabi, sabo da wata 'yar kyanwa da ya ke ɗauke da ita yana kula da ita. Shi ne Abu Huraira, watau uban 'yar kyanwa. Laƙabin ya bi shi har ya danne sunansa na yanka.

In muka koma can baya, mutanen Masar na dauri suna girmama kyanwa ƙwarai, don ita ke tsare musu rumbunan alkama. Da kukanta su ke kiranta, su ce miu. Fiye da shekara 3,300 da suka wuce, wani ɗan Fir'auna mai suna Tutmos ya sa aka sassaƙa wa kyanwarsa akwatin dutse bayan ta mutu, aka rubuta sunanta a jiki, Ta-miu. Akwatin yana nan, masu binciken tarihi sun gano shi. Ga wata kuma a zanen bangon wani kabari, an sa mata suna Nejem, watau mai daɗi.

3. Shin kyanwa ta san sunanta?

Wannan tambaya ta daɗe tana damun mutane, don kyanwa ba kamar kare ba ce. Kare in an kira shi ya kan sheƙo da gudu yana kaɗa wutsiya. Kyanwa kuwa sai ka yi ta kira, tana kwance kan katanga tana lasar ƙafa, kamar ba da ita a ke ba.

A shekarar 2019 wata malama mai suna Atsuko Saito, ta Jami'ar Sofiya da ke birnin Tokyo a ƙasar Japan, ta bayyana sakamakon wani gwaji da suka yi ita da abokan aikinta a kan kyanwoyi 78. Ga yadda suka yi. Su kan ɗauki muryar mutum a na'ura yana faɗin kalmomi 4 masu tsawo ɗaya da sunan kyanwar, sa'an nan na 5 ya faɗi sunanta. Da an saki kalmar farko sai kyanwa ta motsa kunne. Ta biyu, ta uku, ta huɗu, sai ta riƙa yin ko oho, don ta ga ba abin da ya shafe ta. Amma da an ambaci sunanta, sai a ga da yawansu sun sake motsa kunne, ko sun juyo da kai. Ko da muryar baƙo aka yi amfani, haka abin ya kasance.

Watau kyanwa tana rarrabe sunanta daga sauran kalmomi. Ba ta san ma'anarsa kamar yadda ku ka san ma'anar naku ba. Abin da ta sani shi ne, duk sa'ad da aka yi wannan sauti, wani abu ya kan biyo baya wanda ya shafe ta, ko abinci, ko shafa, ko wasa.

Ba abin mamaki ba ne, don Allah ya hore wa kyanwa kunne. Masana suna auna sirantar sauti da yawan girgizar da ya ke yi cikin daƙiƙa ɗaya. Kunnen mutum ba ya jin abin da ya wuce girgiza 20,000, amma na kyanwa yana kai wa fiye da 60,000. Shi ya sa ta ke jin siririn kukan ɓera a cikin rami, mu kuwa ba mu ji kome ba. Tana kuma iya juya kowane kunne dabam, ɗaya ya fuskanci gaba, ɗaya baya. Sabo da haka in kun kira kyanwarku ba ta taso ba, ku dubi kunnenta. In ya motsa, ta ji. Zuwan ne ba ta ga dama ba.

4. A duba kafin a sa

Jariri ranar 7 a ke raɗa masa suna. A tara jama'a, a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi aski. Kyanwa ba ta bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, ba ta kuma bukatar gaggawa. Kyanwa ta kan yi wata 2 da 'yan kwanaki da ciki. Ta kan haifi 'ya'yanta idanunsu a rufe, kunnuwansu a lanƙwashe. Sai sun yi kwana 7 zuwa 10 idon ke buɗewa. Ashe ranar da a ke sunan jariri, 'yar kyanwa ko uwarta ba ta gama gani ba.

Kada a raba 'yar kyanwa da uwarta sai ta yi aƙalla mako 8, ta iya cin abinci da kanta. Amma tun tana mako 2 zuwa 7 yana da kyau a riƙa ɗaukarta a hankali kowace rana na ɗan lokaci, don a wannan tsakani ne ta ke sabawa da mutane. Wadda ba a taɓa ba a lokacin, ita ce ta kan girma da tsoro, ta riƙa gudu in ta ga mutum. Cikin waɗannan makonni ne kuma za ku zuba ido ku lura da abubuwa 4.

Na farko, mace ce ko namiji? Tun suna ƙanana abin yana da wuyar ganewa, sai ku roƙi babba ya duba muku. Amma ga wata alama. In kun ga kyanwa mai launi 3, fari da baƙi da ja, kusan kullum mace ce. Jajayen kuwa, yawancinsu muzurai ne.

Na biyu, launinta. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, ita ce kuma masu dawakai suka bi. Fara sol ana iya ce mata Auduga ko Madara. Mai ruwan toka a ce mata Toka. Mai ɗigo-ɗigo a ce mata Zabuwa, mai dabbare-dabbare Damisa. Ja a ce masa Goro, wadda ta yi launin gonar alkama gab da yanka a ce mata Alkama. Baƙin muzuru mai sheƙi kuwa, ga suna a ƙofar gida. Garin Kura ya yi suna tun da daɗewa wajen rini da bugu, har Buzaye daga Hamada suna sayen baƙin rawaninsa mai walƙiya, wanda a ke kira ɗan Kura. In muzurunku ya yi irin wannan sheƙi, ku ce masa Ɗan Kura, ko Shuni. Amma kada ku yi saurin sa suna don launin ido, gama duk 'ya'yan kyanwa da shuɗin ido su ke farawa, sai sun yi mako 6 ko 7 ya ke soma sakewa.

Na uku, halinta. 'Ya'yan uwa ɗaya ne, amma kowacce da halinta. Wata ba ta zama wuri ɗaya, daga kan turmi sai kan danga. Wannan Walƙiya ce. Wata ta iya laɓewa ta bi ƙadangare a hankali ba motsi. Wannan Sanɗa ce. Wata ba ta da kuka, sai a ce mata Shiru. Wanda ya ɗauki bakin rumbu wurin kwanansa, kun sami Dogari.

Na huɗu, lokacin da ta zo gidan, ko wurin da aka samo ta. Hausawa sun saba da irin wannan suna. Yaron da aka haifa bayan tagwaye Gambo ne, wanda aka haifa lokacin noma Nomau, wadda aka haifa cikin watan azumi Azumi. Haka kyanwar da ta zo da sanyi ana iya ce mata Hunturu, wadda ta zo da zafi Bazara, wadda aka kawo daga wajen madatsa Tiga.

Ko wanne ku ka zaɓa, ya zama gajere, gaɓa 2 ko 3, mai daɗin faɗi, wanda ƙaramin ƙanenku ma zai iya kamawa. Ku gwada shi da ƙarfi sau 10 a bayan gida. In harshenku ya sarƙe, ko kun ji kunyar a ji ku, ku nemi wani.

5. Sunayen da ba su dace ba

Hausawa sun ce suna linzami ne. Linzami kuwa in an ja shi ba daidai ba, doki ya kan kai mutum inda bai yi niyya ba. Ga waɗansu sunaye da ya kamata a guje musu.

Kada a sa wa kyanwa sunan Allah, ko na annabawa, ko na sahabbai, ko wata kalma mai alfarma. Waɗannan ba na wasa ba ne.

Kada a sa mata sunan mutum. Ku ɗauka wani yaro ya sami kyanwa ran Alhamis, ya ce sunanta Lami. Ran nan ta ɗauke kifi a madafa, sai ya fito tsakar gida yana ihu, "Lami ta saci kifi!" Alhali kuwa ga baƙuwa mai wannan suna zaune a kan tabarma. Kun ga an jawo magana ba gaira ba dalili. Sunayen rana, irin su Ladi, da Talatu, da Jummai, da Asabe, duk suna da masu su.

A kuma tuna da alkunya. A gidaje da yawa uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na surukanta. In sunan kyanwa ya yi kama da ɗaya daga cikin waɗannan, kun ɗaure bakin mahaifiyarku, ba ta da damar kiran kyanwar gidanta. Sabo da haka kafin ku tsai da magana, ku je ku gaishe da iyayenku, ku ce, "Inna, ga sunan da na ke so in sa, ya yi?" In sun ce a sake, a sake.

Kada a sa sunan habaici. Akwai masu sa wa dabba suna don su tsokani maƙwabci ko abokiyar zama, su riƙa kiran dabbar da ƙarfi don wancan ya ji. Wannan neman fitina ne, kyanwa kuwa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ƙarshenta ita za ta sha jifa.

Kada a sa sunan zagi, kamar Ɓarauniya ko Mayya. Wanda a ke kira da mugun suna kullum, a hankali mutane su kan ɗauke shi haka. Yaron da ya saba cewa Ɓarauniya, hannunsa ba ya nauyin ɗaukar dutse.

Daga ƙarshe, kada a ɗauki kalmar da a ke faɗi dare da rana a gida, kamar Tuwo ko Ruwa. Kun tuna gwajin Japan? Kalmar da kyanwa ta ji ta ji ba abin da ya biyo baya, ta kan daina kula da ita.

6. Yadda a ke koya mata sunan

Zaɓen suna rabin aiki ne, saura koyarwa. Ba a bukatar bulala, ba a bukatar tsawa. Abin da a ke bukata shi ne haƙuri da ɗan abinci.

Ku jira lokacin da ta ke jin yunwa. Ku tsuguna kusa da ita, ku faɗi sunan sau ɗaya da murya mai taushi. Da ta juyo, ku miƙa mata ɗan guntun kifi ko nama, ku shafa bayanta. Ku maimaita sau 4 ko 5, sa'an nan ku bar ta. Gobe ku ƙara nisa kaɗan. Jibi ku kira ta daga zaure. Sannu ba ta hana zuwa. In an dage kullum, cikin 'yan makonni za ku ga ta soma amsawa.

Duk mutanen gida su riƙe suna ɗaya. In yaya yana cewa Toka, ƙane yana cewa Zabuwa, kaka tana cewa mage, kyanwa za ta rikice ta watsar da ku duka.

Ga doka mafi girma. Kada ku kira ta da sunanta don ku doke ta. In ta yi ɓarna, ku tafa hannu ku kore ta daga wurin, ku kuma rufe abincinku. Ranar da ku ka kira ta ta zo da amana ku ka buge ta, ran nan ku ka rushe aikin wata guda. Daga nan in ta ji sunan sai ta tsere.

In kun yi ta kira ko kunne ba ta motsawa, wataƙila kurma ce. Fararen kyanwoyi masu shuɗin ido da yawansu ba su ji. Ku zagaya bayanta inda ba ta ganinku, ku tafa hannu. In ba ta waiwayo ba, sai ku koya mata da alama, kamar ku bubbuga ƙasa, ko ku ɗaga ƙwaryar abincinta ta gani.

7. Suna alkawari ne

A shekarar 1963 masanan ƙasar Faransa suka tara kyanwoyi 14 suna horar da su, don su aika da ɗaya sararin sama cikin roka. Da gangan suka ƙi sa musu suna, sai lambobi, don kada su shaƙu da su. Ran 18 ga Oktoba aka harba ɗaya daga cikin Hamada a ƙasar Aljeriya, mai lamba C 341. Ta yi sama fiye da kilomita 150, ta sauko da laima lafiya. Sai 'yan jarida suka sa mata Feliks, sunan namiji. Da ya ke mace ce, aka gyara aka ce Felisat. Bayan wata 2 masanan suka kashe ta don su bincika ƙwaƙwalwarta. Sauran 13 ba a cika tunawa da su ba, amma ita mai suna, a shekarar 2019 aka kafa mutum-mutuminta a birnin Sitirasbog don tunawa da ita.

Ku lura da dabarar masanan nan. Sun san cewa abin da ka sa wa suna ya shiga zuciyarka, zai yi maka wuya ka cuce shi. Wannan shi ne babban amfanin suna. Kyanwar da ba ta da suna ta kowa ce, abin kowa kuwa ba mai kula da shi. Amma ranar da ka ce, "Wannan sunanta Toka," ka ɗauki alkawari. Kyanwar da ta sami kulawa tana iya yin shekara 12 zuwa 15. Yaron da ya sa mata suna yana aji 3, sai ya gama makaranta ya zama saurayi tana nan tana amsa kiransa.

Ga abin da alkawarin ya ƙunsa. Ka ba ta abinci, kada ka ce ai tana kama ɓera, don kyanwa ko ta ƙoshi ba ta barin farauta. Ka ajiye mata ruwa mai tsabta. Kada ka cika ta da madarar shanu, don yawancin manyan kyanwoyi tana sa su zawo. Kada ka ba ta abinci mai albasa ko tafarnuwa da yawa, suna lalata mata jini. Kada ka ba ta maganin mutane, ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe ta. In an sa maganin ɓera a gida ko a sito, a kwashe matattun ɓerayen a binne, don in ta ci ɗaya gubar ta kama ta. Gwangwanayen maganin feshi da a ke dawowa da su daga gona, a nisanta su daga gare ta, da ku kanku. In da hali a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, don kyanwa ma tana kamuwa da shi. In kyanwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a tafi asibiti. In kuma akwai 'yan tsaki a gida, a riƙa kifa su da kwando, kada a bar wa muzuru jiran kaji sa'an nan a zo ana zaginsa.

Baƙar kyanwa ma tana cikin wannan alkawari. Waɗansu su kan ce aljana ce, su bi ta da jifa. Wannan camfi ne. Baƙin gashinta kamar baƙin akawal ne, ba wanda ya taɓa ƙin doki don baƙi ne. In ta haihu kuma, kada a kwashi 'ya'yan a zubar a bola ko a magudanar ruwa. A bar su su yi mako 8, a nema musu gidajen da su ke bukata. A ƙasa mai rumbuna kamar tamu ba a rasa masu so. Hadisi ya zo cikin littattafan Buhari da Muslim a kan wata mata da ta shiga wuta sabo da kyanwa, ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu.

To, yara, wanda ya ga ba zai iya riƙe wannan alkawari ba, ya bar kyanwa wurin uwarta. Wanda kuwa ya ga zai iya, ya zuba ido ya lura, ya shawarci iyayensa, ya zaɓi suna gajere mai kyau, ya koyar da shi da alheri. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Shi ya ba ta suna da abinci, ita ta tsare masa rumbu.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka gama madatsar ruwa ta Tiga? Wane canji ta kawo wa manoman Bunkure da Kura?
2. Faɗi ɓarna iri 2 da ɓera ke yi wa mutane.
3. Mene ne bambancin sunan iri da sunan kai?
4. Mece ce ma'anar Abu Huraira?
5. Yaya aka gane cewa kyanwa tana rarrabe sunanta daga sauran kalmomi?
6. Don me ba a sa wa kyanwa sunan mutum?
7. Don me masanan Faransa suka ƙi sa wa kyanwoyinsu suna?

Aikin yi

(a) Zana kyanwar gidanku ko ta maƙwabta, ka rubuta sunaye 3 da suka dace da ita, da dalilin kowanne.
(b) Tambayi kakarka ko kakanka karin magana 2 da aka ambaci kyanwa, ko muzuru, ko ɓera a ciki, ka rubuto su gobe.